Yadda Ɗalibi Zai Gudanar Da Bincikensa Na Farko A Bayoinfomatiks: Misali Da Ƙwayar Maleriya

Ɗalibin da ya karanci bayokemistiri ko maikurobayoloji ko likitanci, idan sha'awar bayoinfomatiks ta kama shi, abin da yake fara tambaya shi ne: a harsunan rubuta manhaja, Python zan koya ko R? Ba nan ya kamata a fara ba. Fannin nan hanya ce ta amsa tambayoyin ilimin halittu da lissafi da kwamfuta, saboda haka wanda ba shi da tambaya, ko manhaja ashirin ya haddace, ba shi da inda zai kai su. Abin da ya fi amfani shi ne ka ɗauki ƙaramin aiki guda, ka bi shi tun daga tushe har ƙarshe, ta yadda duk matakin da aka tsayar da kai a kansa za ka iya bayanin abin da ya faru da dalilinsa. Aikin da zan bi da kai a nan ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje. Kwamfutar tafi-da-gidanka matsakaiciya ta isa, sai kuɗin data da haƙuri.

Tsayar da tambaya

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yaran yankin Sahel, daga wata 3 zuwa wata 59, maganin riga-kafi duk wata a lokacin damina. Shi ne maganin da ake bi gida-gida ana rabawa a jihohin Arewa da kudancin Nijar, haɗin amodiyakwin da SP, wanda mutane suka fi sani da Fansidar. SP ɗin nan kuma shi ake bai wa masu juna biyu a wurin awo. To idan ƙwayar cutar, Plasmodium falciparum, ta bijire wa waɗannan magunguna, yaranmu da matanmu ne a sahun gaba. Bijirewar tana barin alama a cikin DNA na ƙwayar, alamar kuma kwamfuta na iya gano ta.

Ga tambaya da za ta iya zama kundin digiri na biyu: a samfuran ƙwayar maleriya da aka tattara a ƙasashe biyu ko uku na Afirka ta Yamma, kashi nawa ne ke ɗauke da alamomin bijire wa SP da kulorokwin, kuma adadin ya bambanta tsakanin shekarun da suka gabaci 2012 da waɗanda suka biyo baya? Ka lura da yadda take da iyaka: halitta ɗaya, ƙwayoyin gado ƙalilan, yanki sananne, lokaci sananne. Take irin su "nazarin jinom ɗin maleriya a Afirka" ba tambaya ba ce, kuma mai irin wannan take yakan shekara yana sauke fayil bai san me yake nema ba.

A nan zan faɗi ra'ayina kan wani salon aiki da ya yi yawa a jami'o'inmu. A ɗauko sinadarai daga ganyen wata bishiya, a gwada a kwamfuta ko za su manne da wani furotin, a samu lamba mai kyau, sai a rubuta cewa an gano maganin sankara ko ciwon suga. Gwajin mannewar nan yana da gurbinsa a kimiyya, amma lambar da yake bayarwa hasashe ce mai rauni, kuma in ba a gwada hanyar da sanannen magani da sinadaran da aka san ba sa aiki ba, ba a nuna komai ba. Ɗalibin da ya yi haka ya koyi latsa maɓalli, bai koyi bincike ba.

Ɗan ilimin da ba makawa sai da shi

DNA dogon rubutu ne mai haruffa huɗu: A, C, G da T. Ƙwayar gado yanki ne na rubutun, galibi mai ɗauke da umarnin ƙera furotin, jimillar rubutun halitta kuwa ita ce jinom. Haruffan uku-uku ake karanta su, kowane rukuni na uku, wato kodon, yana nuna amino asid ɗaya daga cikin 20 da ake gina furotin da su. Jinom ɗin ɗan Adam ya kai harafi biliyan 3. Na ƙwayar maleriya, wanda aka wallafa a 2002 daga wani nau'i mai suna 3D7, harafi miliyan 23 ne a kan kuromosom 14, da ƙwayoyin gado sama da 5,000. Ƙanƙantar nan ita ta sa ya dace da mai koyo.

Za ka riƙa cin karo da rubutu kamar K76T. Ma'anarsa, a gurbi na 76 na wani furotin ƙwayar maleriya mai suna PfCRT, amino asid mai alamar K ya koma mai alamar T. A DNA harafi ɗaya tak ya canza, AAA ya zama ACA, amma wannan sauyi shi ne ginshiƙin da ke bai wa ƙwayar damar fitar da kulorokwin daga jakar da take narkar da abinci, inda maganin ke yin aikinsa. SP kuwa magani biyu ne a haɗe, kowanne da ƙwayar gadon da ke bijire masa. A pfdhfr ana duba N51I da C59R da S108N, waɗanda sun riga sun bazu a yawancin Afirka. A pfdhps ana duba A437G, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, da K540E, wanda ya mamaye gabashin Afirka amma bai yi yawa a yamma ba, da A581G, sai kuma I431V, wanda aka fara ba da rahotonsa a samfuran da suka fito daga Najeriya. Na ƙarshe ita ce kelch13, mai alaƙa da jinkirin aikin atemisinin, ginshiƙin magungunan ACT da Najeriya ta koma wa a 2005. An san C580Y a kudu maso gabashin Asiya, a 2020 kuma aka ba da rahoton R561H a Ruwanda.

Ka rubuta waɗannan a takarda, kowanne da sunan maganinsa, ka manna kusa da inda kake aiki.

Taɓa bayanan da hannu tukuna

Kafin ka girka wata manhaja, buɗe shafin NCBI na Amurka, inda rumbun GenBank yake. Nemo furotin PfCRT na nau'in 3D7, sannan na nau'in Dd2, wanda asalinsa daga kudu maso gabashin Asiya ne kuma yana bijire wa kulorokwin. Sauke kowanne a tsarin FASTA. Fayil ne na rubutu zalla: layin farko yana farawa da alamar >, yana ɗauke da suna, sauran layukan haruffa ne. Saka su biyun a Clustal Omega da ke shafin EMBL-EBI domin ya jera su kafaɗa da kafaɗa. Furotin ɗin amino asid 424 ne. Ƙirga zuwa gurbi na 72 har 76, za ka ga CVMNK a 3D7, ka ga CVIET a Dd2. Ga K ta koma T a gaban idonka.

Daga nan ka saka ɗayan a BLAST, manhajar da tun 1990 ake neman jerin haruffa masu kama da juna da ita. Kada ka tsaya a kan kashi nawa suka yi kama kaɗai. Duba yawan tsawon da kamar ta rufe, ka duba lambar E, wadda ke nuna sau nawa za a sa ran samun irin wannan kama bisa tsautsayi kawai a rumbu mai wannan girma. Ƙaramar lamba, kusa da sifiri, ita ake so. Yini ɗaya ya ishi wannan mataki.

Wurin aiki

Kusan duk manhajojin fannin a kan Linux aka gina su. Mai Windows 10 ko 11 ba sai ya goge komai ba, ya kunna WSL ya girka Ubuntu a ciki. Sati biyu za ka ba wa taminal, baƙin allon nan da ake rubuta umarni: cd da ls don yawo cikin manyan fayil, less da head don leƙa fayil, grep don nema, cut da sort da uniq da wc don yanka da ƙirga, da alamar | da ke miƙa sakamakon wani umarni ga na gaba. Darussan Software Carpentry kyauta ne kuma sun wadatar. Sai ka girka conda, manhajar da ke girka sauran manhajoji, ka haɗa ta da tashar Bioconda, ka buɗe muhalli na musamman ga wannan aiki, ka sa fastqc, fastp, bwa, samtools da bcftools a ciki. Ramu mai gigabait 8 ta ishi jinom ɗin maleriya.

Matsalar gaske ita ce data da wuta. Samfuri ɗaya na iya kai gigabait ɗaya ko fiye, sauke hamsin a layin waya kuwa sai mai hali, balle a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Mafita ita ce Galaxy, dandalin intanet na nazarin irin waɗannan bayanai, a usegalaxy.eu ko usegalaxy.org. Rajista kyauta ce, suna ba da wurin ajiya mai gigabait 250, kuma aikin a kan manyan kwamfutocinsu yake gudana. Lambar samfuri kawai za ka ba ta, ita za ta jawo fayil ɗin daga rumbu zuwa wurinta ba tare da ya bi ta wayarka ba, kai kuma ka sauke ƙaramin sakamakon ƙarshe. Ko kwamfutarka ta mutu, aikin na ci gaba. Shawarata ita ce ka yi samfuri biyu ko uku a taminal domin ka san abin da ke gudana a ƙarƙashi, sauran ka tura su Galaxy.

Inda samfuran suke

Ɗanyen bayanan da injinan karanta DNA ke fitarwa ana ajiye su ne a SRA na Amurka da ENA na Turai da DDBJ na Japan, kuma rumbunan uku suna musayar abin da ke cikinsu. Ga maleriya akwai gata na musamman. Haɗakar masu bincike ta MalariaGEN ta fitar da tarin Pf7 a 2023, mai samfuri sama da 20,000 daga ƙasashe 33, tare da jadawalin da ke nuna ƙasar kowane samfuri, shekarar da aka ɗauke shi, lambarsa a ENA, da ko ya tsallake gwajin inganci. Wannan jadawali za ka fara saukewa. Tace shi, ka bar ƙasashen da ka zaɓa da samfuran da suka tsallake gwajin kaɗai.

Za ka tarar samfuran Najeriya kaɗan ne idan aka kwatanta da na Gana da Mali da Gambiya, duk da cewa mu ne muka fi ɗaukar nauyin cutar. Abin takaici ne, kuma dole ya fito a kundinka a matsayin iyakar binciken: kada ka ɗauki sakamakon wani gari a Gana ka ce ga halin da Katsina ke ciki. Zaɓi samfuri 40 zuwa 60 don farawa, kuma ka zaɓe su da ƙuri'ar kwamfuta, ba da son rai ba. Jinom ɗin 3D7, wanda shi ne ma'aunin da za ka gwada kowa da shi, ka sauke shi tare da fayil ɗin GFF mai nuna inda kowace ƙwayar gado take, ka rubuta sigar da ka ɗauka.

Daga gutsure zuwa sauyi

Injin Illumina ba ya karanta jinom daga farko zuwa ƙarshe. Kamar a samu kwafi ɗari na littafi ɗaya ne a yayyaga su ƙanana, a zuba maka a tabarma, a ba ka lafiyayyen kwafi guda a ce ka nemo wa kowane yanki gurbinsa, ka kuma faɗi inda rubutun ya saɓa. Gutsuren harafi 100 zuwa 150 ne, ana karanta kowanne ta kai biyu, shi ya sa samfuri ke zuwa da fayil biyu, R1 da R2. Tsarinsu FASTQ ne, layi huɗu ga kowane gutsure: suna, haruffa, alamar +, da makin ingancin kowane harafi. Maki 20 na nufin yiwuwar kuskure ɗaya cikin 100, maki 30 ɗaya cikin 1,000.

Fara da FastQC, manhajar duba ingancin gutsuren. A nan masu koyo ke firgita, domin zai nuna jan gargaɗi a kan rabon haruffa. Ƙwayar maleriya haka Allah ya yi ta: kusan kashi 80 cikin ɗari na jinom ɗinta A ne da T. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne akasin haka. In ka ga tudu na biyu a wajen kashi 40 na G da C, alama ce DNA na majinyacin ya gauraya da na ƙwayar, tunda daga jinin mutum aka ɗebo ta. Bayan nan fastp zai yanke ragowar mahaɗan da aka liƙa a ɗakin gwaji da wutsiyoyi marasa inganci.

Sai jerawa a kan ma'auni:

bwa index 3D7.fasta
bwa mem 3D7.fasta R1.fq.gz R2.fq.gz | samtools sort -o samfuri.bam
samtools index samfuri.bam
samtools flagstat samfuri.bam

Umarni na ƙarshe zai gaya maka kashi nawa na gutsuren suka samu gurbi. Idan kaɗan ne, yawancin abin da ke cikin fayil ɗin ba na ƙwayar ba ne. Daga nan ka nemi wuraren da samfurin ya saɓa wa ma'auni:

bcftools mpileup -a AD,DP -f 3D7.fasta samfuri.bam | bcftools call -m -Ov -o samfuri.vcf

Da gangan ban sa -v a umarnin ba, kuma dalilin ya kai a tsaya a kansa. Wannan harafi yana sa a fitar da wuraren da aka ga sauyi kaɗai. To idan ka duba gurbin K76T ba ka ga komai ba, me ke nan? Ko dai samfurin ba shi da sauyin, ko kuma babu gutsure ko ɗaya da ya faɗa wurin. Biyun ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya haɗe su zai ƙirga samfuran da ba a karanta ba a cikin masu jin magani, ya fito da adadin bijirewa ƙasa da gaskiya. Don kada fayil ya yi nauyi, ƙara -R da ƙaramin fayil mai iyakokin ƙwayoyin gadon nan huɗu kawai. Sannan ka yanke tun yanzu, kafin ka ga sakamako, cewa duk gurbin da zurfinsa bai kai gutsure 10 ba, misali, za ka rubuta shi a matsayin wanda ba a sani ba.

Tarko na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Ana ɗauka ma'auni shi ne nau'i mai jin magani a ko'ina, alhali 3D7 da kansa yana ɗauke da amino asid G a gurbi na 437 na pfdhps. Wato samfurin da ya yi daidai da ma'auni a nan shi ne mai alamar bijirewa, wanda kwamfuta ta ce ya saɓa kuma shi ne mai asalin A. Idan ka bi SnpEff, manhajar da ke fassara sauyin DNA zuwa na furotin, ido rufe, zai rubuta maka Gly437Ala, wato G ta koma A, kai kuma ka ƙirga shi a matsayin bijirewa, sakamakonka ya kife gaba ɗaya. Na uku, DNA zare biyu ne masu kishiyantar juna, kelch13 kuma a kan zaren baya take, don haka haruffan da fayil ɗin sauye-sauye, wato VCF, ke nunawa kishiyoyin na kodon ne: C580Y zai bayyana a matsayin C ta koma T, alhali a kodon G ce ta koma A. Na huɗu, CVIET sauye-sauye ne da dama a manne da juna, kuma wani lokaci manhajar jerawa takan fassara su a matsayin harafin da aka cire a nan aka ƙara a can.

Maganin duk waɗannan ɗaya ne, gani ya kori ji. Buɗe fayil ɗin BAM, mai ɗauke da gutsuren da aka jera, a manhajar kallon jinom ta IGV, ka je kuromosom na 7, gurbi na 403625 a sigar v3, inda K76T yake, ka kalli gutsuren a jere. Ka yi haka ga samfuri goma aƙalla, a kowace ƙwayar gado.

A nan ne kuma za ka ga abin da ya bambanta maleriyar Afirka da abin da littafi ke faɗa. A cikin jinin mutum, ƙwayar kwafi ɗaya take da shi na kowane kuromosom, don haka a ƙa'ida harafi ɗaya ya kamata a gani a kowane gurbi. Amma za ka samu samfurin da gutsure 30 suka ce A, 12 suka ce C. Ba kuskuren inji ba ne. Yaron da sauro ke cizo kullum a damina yana iya ɗauke da zuriyar ƙwaya biyu ko uku a lokaci guda. Sashen AD na fayil ɗin VCF shi ke ba ka wannan ƙidaya. Dole ka tsayar da doka: gauraye za ka ware su a rukuni na uku, ko za ka haɗa su da masu alamar bijirewa? Kowanne ana yi, sharaɗin shi ne ka faɗa a fili kuma kada ka canza a tsakiya. Pf7 ya zo da ma'aunin Fws na kowane samfuri, mai auna wannan gauraya, inda 0.95 zuwa sama ake ɗauka zuriya ɗaya ce ta rinjaya.

Da ka gama, kwatanta sakamakonka da jadawalin alamomin bijirewa da MalariaGEN suka fitar na waɗannan samfura. Inda kuka dace, madalla. Inda kuka saɓa, koma IGV ka gano dalili. Samfuri biyar da suka saɓa za su koya maka fiye da hamsin da suka dace.

Ƙidaya da fassara

Yanzu ne R ko Python ke da amfani, domin yanzu kana da abin da za ka ba su. Zaɓi ɗaya. Jadawalinka layi ɗaya ne ga kowane samfuri: ƙasa, shekara, da halin kowane gurbi. Ka yi hattara da Excel, yakan mayar da wasu sunaye kwanan wata ba tare da ya tambaye ka ba, har ta kai a 2020 an sake wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam irin su SEPT2 da MARCH1 suna saboda wannan.

Kada ka taɓa rubuta kashi cikin ɗari shi kaɗai. Samfuri 3 cikin 20 kashi 15 ne, amma tazarar amincewa ta kashi 95, wato faɗin da ake sa ran adadin gaskiya yana ciki, ta kama daga kusan 3 har zuwa 38. Mai karatu na da haƙƙin ganin wannan faɗi. Wajen kwatanta rukuni biyu masu ƙananan adadi, gwajin Fisher ya fi dacewa. In ka ga bambanci tsakanin kafin 2012 da bayanta, tambayi kanka ko daga garuruwa ɗaya aka ɗebo samfuran lokutan biyu. Idan na da daga wani yanki ne, na yanzu daga wani, bambancin wuri ka auna, ba na lokaci ba. Kuma ko da wurin ɗaya ne, ba za ka ce riga-kafin damina ne ya jawo ba, tunda ana shan SP a wurin awo, ana kuma sayensa a kemis.

Alama a DNA ba hukuncin asibiti ba ce. Sanin ko magani ya daina aiki sai an ba majinyata an bi su kwana 28 ko 42 bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya. Aikinka gargaɗi ne na wuri, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. Malawi ta janye kulorokwin a 1993, cikin kusan shekara goma K76T ya kusan ɓacewa a can, saboda sauyin na da nauyi a kan ƙwayar idan babu maganin. Idan ka ga yana raguwa a wata ƙasa ya ƙi raguwa a wata, tambaya mai kyau ta fito: ana ci gaba da sayar da kulorokwin ne, ko amodiyakwin, wanda danginsa ne, ke riƙe da shi? Ka kawo ta a matsayin tambaya, kada ka mayar da ita amsa.

Rubuta komai tun ranar farko

Buɗe fayil ɗin rubutu ka riƙa zuba kowane umarni da kwanan wata da sigar manhaja. Ɗanyen fayil kada a taɓa shi, a ajiye shi daban. Umarnin da ka maimaita sau uku, mayar da shi ƙaramin shiri na bash mai zagaya duk samfuran. Koyi git, manhajar adana tarihin canje-canjen fayil, ka ɗora shirye-shiryenka da jerin lambobin samfura a GitHub, da bayanin yadda wani zai maimaita aikin. Gwajin gaskiya shi ne ka ba abokin karatunka adireshin, ya fitar da jadawali irin naka ba tare da ya kira ka a waya ba. A Galaxy ana iya raba tarihin aiki gaba ɗaya da mahaɗi guda.

Bayanan a buɗe suke, amma jinin mutane ne, kuma wasu ne suka sha wahalar tattara shi. Karanta sharuɗɗan amfani, ka ambaci masu shi yadda suka nema. Ranar da za ka ɗebi samfuri da kanka a asibiti, sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike da amincewar majinyaci ko iyayensa. Wajen wallafawa kuma, mujallar da ta aiko maka saƙo tana alƙawarin bugawa cikin sati ɗaya in ka biya, ka rabu da ita. Duba sunan mujalla a kundin mujallu na DOAJ ko PubMed tukuna, kuma kana iya fara ɗora rubutun kyauta a bioRxiv, shafin ajiye rubutun bincike kafin wallafawa.

Malami da mataki na gaba

Mai yiwuwa malamin da ke duba aikinka masanin ƙwayoyin cuta ne da bai taɓa buɗe taminal ba. Wannan ba aibi ba ne, shi zai kama maka kuskuren fassara da kwamfuta ba za ta gani ba. Ka nemi izininsa cikin ladabi a haɗa ka da mai duba na biyu daga sashen kwamfuta ko lissafi, ko daga wata cibiya.

Cibiyoyin suna nan. ACEGID a Jami'ar Redeemer's da ke Ede, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ita ta fara karanta jinom ɗin ƙwayar korona a Afirka a watan Maris na 2020. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da ACENTDFB, mai aiki kan cututtukan yankuna masu zafi da aka yi wa sakaci. Akwai WACCBIP a Jami'ar Gana da ke Legon, akwai cibiyar bayoinfomatiks ta jami'ar USTTB a Bamako, wadda za ta fi sauƙi ga ɗaliban Nijar saboda Faransanci, akwai SANBI a Afirka ta Kudu. H3ABioNet, wadda Farfesa Nicola Mulder ta jagoranta daga Jami'ar Cape Town, ta horar da ɗalibai da dama a faɗin nahiyar ta kwas ɗin share fage da ake bi ta intanet. Wanda zuciyarsa ke wajen noma, matakan nan su ne dai ake bi wajen nemo ƙwayoyin gadon jure fari a gero da dawa da wake, aikin da cibiyoyin binciken noma na ICRISAT da IITA ke yi, kuma dukansu suna da ofis a Kano, sai dai jinom ɗin shuka ya fi girma nesa ba kusa ba, dole a nemi babbar kwamfuta.

Idan za ka rubuta wa wani farfesa neman gurbin digiri na biyu ko na uku, taƙaita. Faɗi takardarsa da ka karanta da abin da ya ja hankalinka a ciki, faɗi tambayar da ka bincika da adadin samfuranka da abin da ka samu a jimla biyu, ka sa mahaɗin GitHub ɗinka, ka haɗa da hoton jadawali guda mai tazarar amincewa a jiki. In sati biyu suka wuce shiru, ka sake tuntuɓa sau ɗaya, sannan ka rubuta wa na gaba a jerinka.